Ranar da Nafi'u Ya Yi wa Kwamfutarsa Shara

Kai, Nafi'u na ofishinmu ba ya jin magana, wallahi! Duk ranar da manhaja ta ƙi tashi, ba zai tsaya ya nemi inda matsalar take ba. Sai ya sauko da sabon Python, wato yaren da muke rubuta manhaja da shi, ya jibga a kan na baya. Kowane Python kuma da nasa pip, ɗan aiken da ke ɗauko masa kayan aiki daga intanet. Abin ya kai shi kansa bai san wanne ke amsa masa ba. Ya aiki pip, pip ya ce kaya sun iso. Ya kunna manhaja, ta ce ita ba ta ga komai ba. Ashe a wajen wani Python ɗin aka sauke su. Anti Saratu, wadda ta riga mu duka shiga sana'ar nan, ta yi ta faɗa masa ya ware wa kowane aiki nasa wurin, har bakinta ya gaji. Ko a jikinsa.

To, rannan shugabannin wata ƙungiyar masu kemis za su zo ganin manhajar da ya rubuta musu, oga kuma ya riga ya gaya masa in ya sake kunyata shi a gaban baƙi, ya nemi wani wurin aikin. Da safe manhaja ta ce ba ta san zancen ba. Gogan naka ya naɗe hannun riga, wai yau zai yi shara. Ya bi duk Python ɗin da ke cikin kwamfutarsa ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi mafi tsufa ya goge. Har kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya danna mata eh yana tsaki. Ya kashe, ya kunna. Allo baƙi ƙirin! Ga baƙi kuwa sun iso, ana ba su ruwa a falo.

Ya rungumo kwamfutar sai teburin Anti Saratu, gumi sharkaf.

"Anti, ki rufa min asiri, ta mutu!"

"Me ka yi mata?"

"Ba komai fa. Tsohon Python na goge, shi kaɗai. Sauran duk suna nan, da hannuna na saka su."

"Shi tsohon, wa ya saka shi?"

"Oho! A ciki na tarar da shi tun ranar da na sayi kwamfutar. Ban taɓa aikensa ba, yana zaune kawai ya tare wuri."

Anti Saratu ta leƙa falo, ta dubi allon, sannan ta dube shi.

"Sannu da shara, Nafi'u. Ai da tsohon nan ita kanta kwamfutar take tashi. Ka cika gida da 'yan haya, ka tashi ka kori mai gidan."