Ƙofar Kaka Selina Ta Zama Tebur

"Lafiya lau, mijin banza. Ina gajiya? Au, na manta, ba ka aikin da zai gajiyar da kai."

Kaka Selina ce ta iso daga Fadan Kagoma, ta leƙo shagon jikanta Gershon, mai gyaran rediyo a bayan tashar jirgin Kafanchan. Ta tarar da shi tsugune gaban teburin aikin da ya haɗa da hannunsa. Da safen nan ya malale samansa da wani ruwa mai kauri, garau kamar gilashi, wanda abokinsa ya kawo masa daga Kaduna. Gwangwani ɗaya ne tak. In ya lalace, shi ke nan.

"Tsohuwa, tsaya daga nan! Kar ki taɓa!"

"Ban ruwa ka yi wa tebur, kana jira ya tsiro?"

"Rezin ake ce masa. Zuwa gobe zai daskare, ya yi tauri kamar kankare."

"Ruwa ya daskare ba firji? Ƙarya kake."

"Magani ake ɗiga masa a gauraya."

"To, in ya daskaren, sai me?"

"Ƙananan kusoshin rediyo suna ɓace mini a tsagar katako. Yanzu ko allura ta faɗi zan gan ta."

Ta miƙa yatsa a hankali. Ya cafke hannun.

"Kika tsoma shi, nan za ki manne, in riƙa rataye wayoyi a kunnenki."

"Da dai shagon ya samu mai hankali."

Ta goya hannuwanta a baya, ta sunkuya tana leƙen katakon ta cikin ruwan. Can sai ta ɗago.

"Kai, Gershon, ina ka samo katakon nan?"

"Tsohuwar ƙofar da ke bayan rumbunki. Gara ta fara cin ta."

"Ɓarawo! Ƙofar ɗakina ce ta amarci, kakanka ya sassaƙa. Ka ga baƙin tabon can a gefe?"

"Na goge, na goge, ya ƙi fita. Ke kika ƙona ta wajen girki ko?"

"Bakinka! Ranar da nake naƙudar babanka, kakanka ya rikice, ya jingina fitila da ƙofar, ya ruga neman unguwarzoma. Saura kaɗan in haihu a fili."

"Ashe wanda ya riga ni aurenki matsoraci ne."

"Ya fi ka, ko ba komai ya iya gudu." Ta sake leƙen katakon. "Gara ba za ta shiga cikin abin nan ba?"

"Ko ta zo da guduma."

Ta goge ido da bakin zane, ta ce warin abin ne.

"To, ƙofata ce, ke nan teburina ne. Aro na ba ka. Me za ka ba ni?"

Gershon ya fashe da dariya. Ya sauko da wata ƙaramar rediyo daga kan kanta, ya ɗora mata a hannu biyu.

"Na sallama, uwargida."

Ta juya rediyon, ta buɗe bayanta, ta harare shi.

"Batir fa?"