Kanar Virgil da Bindigar Surukinsa

Bangon da ke tsakanin shagon askina da na Harlan mai gyaran bindiga katako ne, don haka ranar Talata ni da masu jiran aski muka sha labari kyauta.

"Me aka rubuta a jikin bindigar, Virgil?" in ji Harlan.

"Talatin da takwas."

"To don me kake son ɗura mata harsashin Magnum, wanda ya fi ƙarfinta?"

"Dattijo, wannan rubutun don 'yan koyo aka yi shi."

Muryar Kanar Virgil Stroud ke nan, garkuwar garinmu, wanda duk faɗin jiharmu ta Montana ba a haifi masanin bindiga kamarsa ba, in dai shi ka tambaya. Bai taɓa shiga soja ba. Kanar ɗin a gwanjon shanu ya samo shi, ranar da aka ba shi riƙon lasifika. Shi ne kuma Jami'in Kiyaye Haɗari na ƙungiyar maharbanmu, muƙamin da ya ƙirƙiro, ya tsaya takara, ya ci ba hamayya, ya sai wa kansa jar hula.

Bindigar ba tasa ba ce. Tsohuwa ce mai ɗakin harsashi shida, kuma ita kaɗai matarsa Maybelle ta gada daga mahaifinta. Ta ba shi aro don gasar harbin allo ta ranar Asabar, wadda mai nasara ke samun talo-talo, da sharaɗin ta dawo yadda ta fita.

Kanar kuwa ba talo-talon ne a ransa ba, shekara tara harsashinsa bai taɓa gaisawa da allon ba. Ƙara yake so. Bara bindigar Dwight mai sayar da taki ta fi tasa amo, mata suka waiga can, kuma har yau abin na cin sa.

"Da gangan aka ƙara wa Magnum tsawo don kada ya shiga irin wannan," in ji Harlan ta bayan bango. "Saboda wawaye aka yi haka. Ƙarfenta ba zai ɗauka ba. Yanzu ni kake so in ƙwaƙule ɗakunan in share wa wawa hanya?"

"Matsalar garin nan," in ji Kanar, "ba a girmama ilimi."

Ya tafi garejinsa ya ƙwaƙule da kansa.

Ranar Asabar ya hau bayan motarsa ya yi mana lacca ta minti ashirin, cewa ƙarfe kamar doki ne, yana gane hannun da ya riƙe shi. Yana cikin yi sai ga Harlan yana gangaro da tsohuwar taya, da ƙullin zare a aljihu. Haka muke yi wa duk bindigar da ake shakka: a ɗaure ta a taya, a ja kunamarta daga nesa.

"Da hannuna na so harbawa," in ji Kanar, ya ɗan yi saurin miƙa ta, "amma shugaba yakan sauko don na ƙasa su koyi tsari."

Muka laɓe bayan motoci. Shi da ya fi mu jarumta, ƙarƙashin mota ya shige.

Harlan ya ja zaren. Ƙarar da Kanar ya shekara yana nema ta samu, har karnukan gari suka amsa. Bindigar ta buɗe kamar gwangwanin wake. Wani ɓallin ƙarfe ya huda tukunyar kofi ya wuce. Daidai inda yatsun Kanar za su kasance, ba abin da ya rage sai hayaƙi.

Ni na kai shi gida, don ya kasa tuƙa motarsa. Ya ce sanyi ne. Guntayen na cikin ledar burodi a cinyarsa, duk hanya yana motsa baki kamar mai bitar jawabi.

Maybelle ta buɗe ƙofa, ta dubi ledar, ta dube shi. Kanar ya gyara tsayuwa.

"Uwargida, shekara arba'in babanki yana yawo da bindiga mai lahani, ba wanda ya gano sai ni. Ba sai kin gode ba."