Gwanin Na Iya da Ƙarfen Liƙi

Wani ne, irin mutanen nan da tun da aka haife su bakinsu bai taɓa furta "ban iya ba". In mota ta mace a titi shi ne bakanike. In akuya ta ƙi cin abinci shi ne likita. Aikin yi kuwa babu. Matarsa ke ɗinki, shi yana zaune a gefe yana gyara mata riƙon almakashi.

Yayar matar tasa injiniya ce. Tana da ɗan shago inda take ƙera na'urar ƙyanƙyasar ƙwai. A cikin kowace na'ura akwai wani ɗan koren fanel da bai kai tafin hannu ba, shi ke kula da zafi. To sai fanel ɗin wani mai kiwon kaji ya fara hauka, yanzu ya gasa, an jima ya huce. Mutumin ya kwaso ƙwansa a kwali, ya lulluɓe da bargo, ya zo ya zauna a bencin shago ya zuba tagumi. Ga kuma tsautsayi: ƙofar mota ta datse wa injiniyar hannun dama, an naɗe shi da bandeji ya koma kamar ƙullin kaya.

Ana cikin haka sai ga gogan naka ya shigo sa cajin waya.

"Yaya, da me ake fama?"

Ta nuna masa wata 'yar baƙar soket mai siraran ƙafafu a jere. "Wannan nake so in liƙa a fanel. In ta zauna, sai in jona waya zuwa kwamfuta in ga inda matsalar take. Hannun ne ya ƙi."

"Liƙi kawai? Ai da kin aika an kira ni. Ni fa na taɓa riƙe wa mai walda ƙyauren gida har ya gama."

"Walda daban, wannan daban."

"Duk wuta ce da ƙarfe, Yaya. Wanda ya hau doki jaki ba ya ba shi tsoro."

Ta dubi hannunta, ta dubi kwalin ƙwan da ke hucewa. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Ta tashi ta ba shi kujera.

"Saurara da kyau. Kowace ƙafa da raminta. Ka taɓa ta da bakin ƙarfen liƙi, ka ɗiga dalma kamar kan allura, ka ɗaga. Kada ƙafa ta taɓa 'yar'uwarta."

"Karatun yara," in ji shi. Ya miƙa hannu ya damƙo ƙarfen liƙin ta wajen da ke ja da wuta.

Shagon ya ɗauki ƙauri. Idonsa ya kawo ruwa, ƙafarsa ɗaya ta ɗaga da kanta daga ƙasa. Ya ajiye ƙarfen a hankali, ya soke hannun a hammata.

Mai kaji ya ce, "Malam, ka ƙone ne?"

"Gwadawa na yi. Ya yi zafi, za a iya farawa."

Nan aka kira injiniyar a waya, an kawo mata kaya a bakin titi sai ta je da kanta. Tana fita tana waiwaye. "Ka yi ƙafa ɗaya tak ka jira ni."

Ƙafa ɗaya. Shi za a ce wa ƙafa ɗaya, a gaban baƙo. Ya jawo fanel ɗin kusa da hancinsa yana nazari. Sai ya hangi wasu 'yan baƙaƙen abubuwa birjik a kai, ƙanana kamar kashin ɓera. Ya girgiza kai, ya ɗauko sukundireba ya shiga kankarewa, suna tsalle suna faɗawa ƙarƙashin tebur.

Mai kaji ya miƙa wuya. "Waɗannan ba da su ya zo daga kamfani ba?"

"Datti ne. Shi ya toshe shi ba ya shan iska. Kai dai kula da ƙwanka."

Ya cusa soket ɗin a ramuka. Ta ƙi shiga. Ya juya ta, ta ƙi. Ya ɗauko filaya ya ba ta ɗaya a ka, ta shiga a karkace, ƙafafu biyu suka leƙo ta gefe suna kallon gabas. Ya ɗiga dalma kamar kan allura yadda aka ce, ya ja baya ya duba. Wannan ɗan ɗigon ne zai riƙe ƙarfe? Ko kuɗa ya sauka a kai ai ɓallewa zai yi. Yaya dai da ilimi, amma rowa ta yi mata yawa.

Ya warware dalma kamar mai shanya igiya. Yana turawa tana narkewa, yana turawa tana narkewa, har ƙafafun suka nutse gaba ɗaya, wurin ya zama wani ɗan tudu mai sheƙi. Robar soket ɗin ta fara lanƙwashewa tana kumfa.

"Ta ce fa kada su taɓa juna," in ji mai kaji.

"'Yan gida ɗaya ne, ni ba na raba zumunci."

Ya sunkuya ya hura, gefen gemunsa ya taɓa ƙarfen ya yi ƙiiii. Ya shafa wurin kamar dama aski ya zo yi. Da ya ga tudun ya ƙi hucewa, sai ya tuna yadda maƙera ke yi. Ya ɗauko kofin ruwan da ke kan tebur ya tsoma fanel ɗin ciki. Ya yi cuuu. Ya tsamo shi ya goge da bakin riga.

Daidai nan injiniyar ta dawo. Ta tsaya a ƙofa, ta dubi tudun dalma, ta dubi kofin, ta dubi naɗin dalmar da ya ƙare ƙaf.

"Ba sai kin gode ba," in ji shi. "Ko guduma aka sa, wannan ba za ta cire ba."

"Kada ka jona..."

Ya riga ya jona shi da kwamfutar. Aka ji fat. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Wani siririn farin hayaƙi ya taso daga tsakiyar fanel ɗin, yana murɗawa a hankali har rufin shago. Mai kaji ya rungume kwalinsa ya ja da baya.

Injiniyar ta zauna a bakin benci, ta dafe kai da hannun mai bandeji. Da ƙyar ta ce, "Bawan Allah, abin da zai nuna mini inda matsalar take na ce ka liƙa."

Ya nuna mata da yatsan da ƙunar ta tasa.

"To ga shi ya nuna, Yaya. Bi hayaƙin kawai."