Yini Ɗaya Mai Wata Uku

Jiya na je aski na dawo da gashina. A shagon da na saba, mai kujera biyu da madubi ɗaya, na tarar da mutum goma sha tara a layi, kowa ya ɗaga waya kamar mai ba da shaida.

Mai askin ya hango ni ta madubi. "Yaya, haƙuri. 'Yan garabasa ne."

Wani kamfanin talla a waya ne ya zo masa da tayi: aski rabin farashi, garabasar yini ɗaya. Ya sa hannu. A fahimtarsa, yini ɗaya zai yi yana askin asara, ya samu sababbin kawuna. Ashe sayar da tikitin garabasar a waya ne yini ɗaya. Askin kuwa wata uku. Kai ɗari huɗu aka sayar kafin la'asar.

Na ce, "Sababbin suna dawowa?"

"Sosai. Su tambayi yaushe za a sake."

"Tsofaffin fa?"

"Direba ya koma shagon tsallake. Tela ma. Kai ka rage, kai ma ga ka a tsaye. In aka ci gaba haka, rufewa zan yi."

Inda na yi karatu an koya mini cewa kowace matsala tana da ofishinta, saboda haka na tafi neman na wannan. Mai Girma Sarkin Yanke Zare, wanda ya ƙaddamar da garabasar da rumfa da jawabi, ba ya nan. Yana otal, taron ceto ƙananan sana'o'i, kwana na huɗu. Allah ya ƙara masa juriya.

Na kira kamfanin. Suka ce "yini ɗaya" kalmar talla ce, bayaninta na shafi na bakwai na takardar da aka sa wa hannu, cikin yaren da mai askin bai iya ba. A ofishin kuwa, Mataimakin Mai Girma ya saurare ni da kyau, ya ce wannan tsakanin ɗan kasuwa ne da ɗan kasuwa. Su nasu ƙarfafa gwiwa ne. Laifi dai ya faɗa kan wanda ba shi da sakatare.

Zan fita, ya rage murya. "Malam, tun da ka san shi, tikiti biyu gare ni. Ko zai tsallakar da ni layi?"

Na isar da saƙo. Mai askin ya ce ya zo da safe, shi ne farko. Sai dai injin ya ƙone, reza ce ta rage, hannunsa kuma kwanan nan rawa yake yi.

Wannan ɓangaren ban isar ba. Ba ofishina ba ne.