Yadda Ake Noma Gonar da Kotu Ta Ba Wani

Kotu ta ce gonar ba taka ba ce? Share hawayenka, wasa hauyarka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka noma ta, mai ita yana kallo. Wurin Sharifu na koye su, wani gwani a ƙauyen gefen Cadawa. Yana da maƙwabci, Lurwanu, wanda kakansa ya ara wa baban Sharifu gona, Sharifu ya gaje ta, ya manta aro ce. Ita ke ciyar da gidansa.

1. Ka sha kaye da fara'a

Da ƙaramar kotu ta ba Lurwanu gonar, Sharifu bai ko ɓata rai ba. Ya gode wa alƙali, ya sayi rake a bakin kotu. Masana irina sun san hukuncin farko ɗanɗano ne kawai.

2. Ɗaukaka ƙara, amma duba sama

Kada ka yi garaje, kada kuma wa'adi ya wuce ka. Sharifu ya miƙa tasa hadari na haɗowa. Muddin kotun sama ba ta duba hukuncin ba, gona tana hannunka. Kafin takardu su isa wani buro, wato ofis, geronsa ya kai gwiwa.

3. Nemo mari

Nan ilimin yake. In shari'ar laifi ta shigo, sai ka roƙi ta gona ta zauna ta jira. Laifi kuwa ba ya kawo kansa, sai ka je nema. Lurwanu mutum ne mai sanyin hali, Sharifu ya sha wuya. Ya yi masa waƙar zambo, shiru. Ya ce jakinsa ya fi shi kyau, shiru. Sai ran da Lurwanu ya biyo ta gonar, Sharifu ya ce, "Baƙo, ɓata hanya ka yi? In raka ka?"

Tas!

Sharifu ya dafe kunci, daɗi kamar ya kashe shi. "Madalla, ɗan'uwa! Allah shi yi ma albarka!"

4. Kada kumburi ya saɓe

Hau kabukabu nan take. Likita tukuna, sannan jandarma masu kamu. A hanya ka juya wa kowa kuncin ya gani. Sharifu har tsayar da babur ya yi don masu tallar gyaɗa su shaida. Kotun sama ta jingine maganar gona, gero ya fid da kai, Sharifu yana ta juyi a bakin rumbu.

5. Kula da bakinka

A nan malamina ya ɗan yi tuntuɓe. A ƙauyensu gona ba ta sauya suna, ana kiranta da gidan da ya sare dajinta. Alƙalin laifi ya tambaya a hankali, "A ina aka mare ka?"

"A gonas su Lurwanu, ranka shi daɗe! Tsakiyatta!"

"Gonar wa?"

"Ta su Lurwanu mana, kowa ya san…"

Bai ƙarasa ba, magatakarda ya riga ya rubuta. Gwaggonsa Batulu, da ya kawo shaida, ta ce, "Gaskiya ɗana ya faɗi. Tun ina yarinya tasu ta."

Sharifu ya ci shari'ar mari sarai: an ja wa Lurwanu kunne, ya ba da haƙuri. Sai kotun sama ta ɗauko waccan maganar ta Sharifu, ta tabbatar da hukuncin farko, ana gab da girbi. Ranar Sharifu ya yi kuka, ni ma na ji tausayinsa. Yana tsaye bayan gamba, Lurwanu ya ɗaure geron da shi ya shuka, ya nome, ya kore wa tsuntsu. Da yamma ya aiko masa da dami ɗaya, wai zakka.

Gargaɗi

Ni ba lauya ba ne, ban taɓa mallakar gona ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya tashi ba gona ba gero, kada ya doso ƙofata. In kuwa ya zo ya mare ni, ya sani ba zan kai ƙara ba, ramawa zan yi.