Ungulu Ta Duba Daga Sama

A Kwarin Gawo, duk dabbar da ta ƙoshi sai ta tare rafi da jar ƙasa, ta ce don kare talakawa daga ambaliya ta yi. Kada na da madatsarsa, Dorina na da tata, kuma doka ta ce madatsa kayan mai ita ce, ba a taka ta sai da izini. Talakawan da ake karewa kuwa a gindin bangon madatsun suke zaune.

Bushiya na cikinsu, ita da 'ya'yanta ƙanana. Da damina ta yi nisa, Kada ya toshe mafitar rarar ruwa, wai kifinsa na tserewa ta nan. Ba a jima ba ruwa ya fara tsattsafowa ta gindin bangon, jajir da laka, har cikin raminta. Ta kai kuka majalisa.

"Ranki ya daɗe," ta ce wa Giwa, shugabar taro, "bangon nan cikinsa yake zubarwa. A buɗe mafitar, ko a bar mu mu hau tudu."

Kada ya yi hamma. "Tudu gonar Dorina ce. Ke kuma, 'yar ƙaya, ba don bangona ba ai da tun bara ruwa ya yi gaba da ke."

Giwa ta kira Ungulu, mai duba madatsai. Ungulu ta gyara fiffike ta ce, "Ya ku manyan dawa, na kewaye madatsar nan ta sama kamar kullum, tunda doka ba ta yarda in sauka a kayan wani ba. Ban taɓa ganin ta yi kyau irin na bana ba. Ruwa har baki!"

Aka yi ta tafi.

"Har baki fa kika ce!" in ji Bushiya. "To sauko ƙofar ramina ki gani, Yaya, nan ba kayan kowa ba ne."

"Madatsai nake dubawa, ba ramuka ba."

"Ramuka!" Dorina ta miƙe. "Ashe haƙa suke mana a gindin bango?"

Nan take majalisa ta samu abin yi. Aka yanke hukunci da murya ɗaya: madatsa lafiyarta ƙalau, in kuwa ta karye, laifin masu ramuka ne. Aka yi addu'a, manya suka hau tudu cin liyafa.

Bushiya ta iso gida hadari na haɗowa daga gabas. 'Ya'yanta na tsaye, ƙafafunsu cikin laka.

"Inna, me suka ce?"

"Sun ce an duba."

"To in ruwan ya zo fa?" in ji autar.

Bushiya ta dube su. Dabara ɗaya ta gada a duniya, wadda ake yi wa kura.

"Ku dunƙule," ta ce. "Kai ciki, ƙaya waje."

Suka dunƙule tsaf. Ta yaba musu, alhali ta san ƙaya ba ta sukar ruwa.