Ranar da Na Ce An Cire John

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a garejinmu na Apo ba. Sati uku na yi ina kallon bidiyon masu muhawarar addini a waya, har ta kai ba na iya zama wuri ɗaya. Ina kwance ƙarƙashin mota ina maimaita lambobin ayoyi da Turanci, kaina na gaya mini na zama malami.

Wanda na ɗora wa ido shi ne Baba Ishaya, mai gyaran wayoyin mota, dattijon coci, wanda shi ya tsaya mini na samu rumfa a garejin. Na bi kanikawa ɗaya bayan ɗaya ina cewa su zo wurin mai abinci da azahar, yau zan nuna musu cewa abin da ake koyarwa a coci daban, abin da ke cikin littafinsu mai tsarki daban. (Ni da ko bangon littafin ban taɓa riƙewa ba!)

Baba ya saurare ni yana cin tuwonsa. Na zuba, na zuba.

"To ɗana," in ji shi, "ga littafin, nuna mana wurin."

Ya zaro Littafi Mai Tsarki na Hausa daga jakarsa. Na goge hannu na hau neman littafin John, sura ta goma sha huɗu, kamar yadda na ji a bidiyo. Na buɗe gaba, na koma baya. Ga Matiyu, ga Markus, ga Luka. Babu John! Maimakon in tsorata sai daɗi ya kama ni. Na miƙe tsaye, na ɗaga littafin sama.

"Jama'a kun gani? Sun cire John gaba ɗaya! Wallahi babu shi!"

Mama Rifkatu mai abinci ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Oga, Yohanna fa? Shi ne John ɗin naka da Hausa."

Dariyar da aka yi har masu faci na bakin titi sai da suka leƙo. Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi kashe ni, Baba bai yi dariya ba. Ya buɗe mini shafin da kansa.

"Zauna ka karanta. Maganar da ka zo da ita ba ta banza ba ce, mu ma a coci mun daɗe muna kai ruwa rana a kanta. Amma ka gama tuwonka tukuna."

Kunya ta hana ni haɗa ido da shi har kwana biyu, shi kuwa gaisuwarsa ba ta canza ba. Ban bar addinina ba, bai bar nasa ba. Sai dai yanzu kafin in rantse wani abu ba ya cikin littafin mutane, nakan fara buɗe littafin. Sunan kam ya riga ya bi ni, duk Apo Malam John ake kirana.